Hutun Ƙarshen Mako A Karkarar Gombe: Ina Kuɗin Baƙo Ke Sauka?

Daga Wakilinmu a Gombe

Kowace ranar Juma'a, da zarar an sauko daga masallaci, hanyoyin da suka fita daga birnin Gombe sukan cika da motoci. Wasu su nufi kudu ta Kumo zuwa Billiri da Kaltungo, wasu su bi titin Biu zuwa Dadin Kowa, wasu kuma su yi arewa ta Bajoga ko su kama hanyar Dukku. Da yammacin Lahadi sai motocin nan su komo, boot ɗinsu cike da hatsi da albasa da kifi, wani lokaci har da kaji a ɗaure. Wannan kai da komowa ta zama jiki ga mazauna birnin, har ba a cika ɗaukarta a matsayin wani sha'ani na tattalin arziki ba. Amma kuwa kuɗi ne ke tafiya a kan waɗannan hanyoyi, kuma abin da ya kamata a bincika shi ne nawa ne daga cikinsu ke sauka a ƙauyukan da ake zuwa, nawa ne kuma ke komawa birni tare da mai su.

Kafin a shiga lissafi, ya dace a san inda masu tafiyar suka fito. Shekaru da dama Gombe gari ne na fatauci da cinikin auduga da gyaɗa, wanda zuwan layin dogo a 1963 ya ƙara wa ƙarfi. Al'amura sun sauya ne ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi, da ƙananan hukumomi 11. Daga ranar garin ya zama mazaunin gwamnati. Ma'aikata suka taso daga Bauchi da iyalansu, bankuna suka buɗe rassa, ma'aikatun tarayya suka kafa ofisoshi. An kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004, sannan Jami'ar Tarayya ta Kashere a 2011. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum sama da miliyan 2 da dubu 300, kuma tun daga lokacin birnin ya ci gaba da kumbura, musamman bayan da rikicin Boko Haram ya koro dubban jama'a daga Borno da Yobe da Adamawa.

Abin da wannan ya haifar shi ne wani rukuni na jama'a masu albashi a ƙarshen wata, masu hutun Asabar da Lahadi, waɗanda kuma cunkoson birni da zafinsa suka fara gundura. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manomi da ɗan kasuwa ba su san wani abu wai shi ƙarshen mako ba, ranar kasuwa da ranar Juma'a suka sani. Mai albashi ne ke da kwana biyu a jere da zai iya sayen hutu a cikinsu, kuma a kansa ne duk wata sana'ar yawon shaƙatawa ta cikin gida take dogara, a nan da ko'ina cikin duniya.

Ta fuskar wuraren zuwa kuwa, Allah bai rage wa Gombe komai ba. Mafi kusa shi ne ɓangaren gabas. Mai mota zai wuce gandun dajin Kanawa da lambunan Kwadon, kafin sa'a guda ya isa madatsar ruwa ta Dadin Kowa, wadda ke kimanin kilomita 37 daga birni. An gina ta a kan kogin Gongola, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita biliyan 2.8, kuma daga gare ta ne birnin Gombe ke samun ruwan famfo. Bayan jira na shekaru masu yawa an kafa mata tashar lantarki mai ƙarfin megawat 40. Ga mai neman hutu, abin da ke nan shi ne ruwa iya ganin ido, da masunta cikin kwale-kwalensu, da kifi sabon kamu, da gonakin shinkafa na noman rani. Akwai kuma dorinai a cikin ruwan. Manoman yankin Hinna sun daɗe suna kuka da ɓarnar da suke yi musu a gona, alhali a wasu ƙasashen Afirka ta Gabas kuɗi ake biya don a kalli irin waɗannan dabbobi. Ba da nisa ba ne Dutsen Bima yake, wanda masana duwatsu suka ara sunansa suka raɗa wa wani nau'in dutsen yashi da ya shimfiɗu a kwarin Binuwai na sama, kuma wanda ke da matsayi a tarihin masu jiran bayyanar Mahadi a ƙarni na 19.

Ɓangaren kudu ne ya fi kowanne tsaunuka. Daga Billiri ƙasa take fara tashi, duwatsu su riƙa fitowa ɗai-ɗai a tsakiyar gonaki, irin su Dutsen Kilang, har a kai Kaltungo. Bayan an wuce Kaltungo sai a rabu da babban titin Yola a hau tudun Tula, wanda ke wajen kilomita 100 daga Gombe. Tula ta kasu uku, Wange da Baule da Yiri, kuma a kanta ne Turawan mulkin mallaka suka ajiye hedkwatar yankin Tangale-Waja. Ba don komai suka zaɓe ta ba sai don iska mai sanyi da kuma tsayin da ke ba su damar hangen ƙasa. Har yau ana ganin gine-ginen zamaninsu, ciki har da gidan yari. Akwai koguna na dutse da mutanen da suka fake a ciki lokacin yaƙe-yaƙe, akwai kuma gonakin da aka yi wa matakala da jeren duwatsu a jikin tsauni don kada ruwan sama ya wanke ƙasa. Wannan dabara ta manoman Tula ta girmi duk wani malamin gona da ya taɓa zuwa yankin, kuma a ganina ta fi tsofaffin gine-ginen Turawa cancantar a kai ɗalibai su gani.

Arewa ta tarihi ce. Kusa da Bajoga ne filin Mbormi yake, wanda littattafai ke kira Burmi, inda sojojin Ingila suka gwabza da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ranar 27 ga Yuli, 1903. A nan Sarkin Musulmi ya yi shahada, a nan kuma aka kashe Manjo Marsh da ya jagoranci Turawa. Ta hanyar Dukku kuma akwai Gombe Abba, garin da Buba Yero ya kafa masarautarsa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Daga can ne aka mayar da hedkwata Nafada a 1913, sannan Gombe ta yanzu a 1919.

To, a nan ne lissafi ya shigo. A ɗauki misalin magidanci mai ƙaramar mota da ya kwashi iyalinsa zuwa Tula ranar Asabar da safe. Zuwa da komowa kilomita 200 ne. Idan motarsa tana shan lita 10 a kowane kilomita 100, zai ƙona lita 20, kuma a gidan mai na Gombe zai saye ta kafin ya tashi. Uwargida ta dafa shinkafa da nama tun da asuba ta zuba a kula, daga kayan da ta sayo a babbar kasuwar Gombe. Ruwan sha da lemo ma daga birni aka ɗauko su. Za su isa Tula da hantsi, su hau dutse, yara su yi wasa, a ɗauki hotuna da wayar hannu, a shimfiɗa tabarma a ci abinci, la'asar sakaliya a kama hanya domin kada dare ya yi musu a titi. Idan mutumin kirki ne, zai ba yaron da ya nuna musu hanyar kogo wani abu, ya sayi gyaɗa ko mangwaro a bakin hanya. Duk abin da ya kashe a ranar, mafi yawansa a Gombe ya kashe shi tun bai fita ba. Tula ta ba da dutsenta da iskarta da inuwarta, ta samu 'yan canji da ledojin da aka zubar.

Masana tattalin arziki suna bambanta kuɗin da baƙo ya kashe da kuɗin da ya zauna a wurin da ya ziyarta. Naira da aka ba mai abinci a ƙauye ba ta tsayawa a hannunta. Za ta biya mai itace, ta biya mai niƙa, ta sayi kaza wurin maƙwabciya, ita kuma maƙwabciyar ta biya kuɗin makarantar ɗanta. Ta haka naira ɗaya ke yin aikin biyu ko uku kafin ta bar garin. Naira da aka ba gidan mai kuwa, ɗan abin da ya rage bayan ribar dillali hanyar matatar mai da tashar jiragen ruwa take kamawa. Saboda haka yawan motocin da suka hau tudu ba shi ne ma'aunin amfanin da tudun ya samu ba. Ma'aunin shi ne mutum nawa suka kwana. Baƙon da ya kwana dole ya biya ɗaki, ya ci abincin dare da na safe da hannun mutanen gari ya dafa, ya nemi ruwan wanka, ya ba mai gadi, kuma da yake ba ya sauri, ya shiga kasuwa ya yi ciniki. Daren nan guda shi ne ke raba yawon da ke gina ƙauye da yawon da ke wucewa ta cikinsa kawai.

Mai son ganin bambancin ya dubi Yankari, wadda ke maƙwabciyar jiha, a kan hanyar Gombe zuwa Bauchi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, kafin a mayar da shi hannun Jihar Bauchi a 2006. Duk da matsalolin kulawa da ya sha fama da su, mutumin Gombe da ya yi niyyar kwana biyu a waje Yankari ce ke fara zuwa masa a rai. Giwaye da ruwan ɗumi na Wikki suna da nasu tasiri, amma babban dalili shi ne akwai ƙofa, akwai tikiti, akwai ɗaki, akwai wanda zai tarbe shi. A Jihar Gombe kuwa, manyan otal-otal a birni suka taru, suna jiran masu zuwa taron bita da baƙin gwamnati.

Sai dai kada a ɗauka cewa karkara ba ta samun komai daga tafiyar ƙarshen mako. Akasarin motocin da ke fita ranar Juma'a ba na 'yan yawon buɗe ido ba ne, na 'yan gida ne. Ma'aikacin da ke zaune a Tumfure ko Pantami, amma iyayensa suna Tula ko Talasse ko Nafada, yana zuwa gaishe su, ya duba gonarsa, ya halarci ɗaurin aure ko ta'aziyya, ko ya yi ibadar Lahadi a cocin garinsu. Shi yana kwana, yana biyan 'yan ƙwadago, yana sayen taki, yana aza bulo a kan ginin da ya fara tun shekaru biyar. A haƙiƙa, ta wannan hanya ce albashin gwamnati ke isa ƙauyuka fiye da ta kowace kwangila. Kuma a nan ne dama take. Ɗan gida yana da abokan aiki 'yan wasu jihohi, likitoci da malaman jami'a da ma'aikatan banki da matasa masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda za su so bin sa su ga duwatsun da yake ba su labari. Abin da ke hana shi gayyatarsu shi ne kunyar inda zai sauke su.

Janye tallafin man fetur da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu, 2023 ya taɓa wannan harka ta fuskoki biyu masu karo da juna. Kafin ranar, lita tana wajen naira 190, wato lita 20 ta magidancin nan ba ta kai naira 4,000 ba. A ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000 a wurare da yawa, tafiyar Tula ta koma naira 20,000 a mai kaɗai, a ƙasar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000 a Yulin wannan shekara. Hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024. Ƙaramin ma'aikaci da ke zuwa gida kowane mako dole ya rage, ko ya ajiye mota ya bi Gombe Line da sauran motocin haya. Amma ta ɗaya fuskar, faɗuwar darajar naira, daga wajen 460 a kan dalar Amurka a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, ta sa masu hali da dama sun haƙura da Dubai da Masar, har tikitin jirgin Abuja ma ya zama abin a yi shawara. Wanda ya saba kashe kuɗin hutunsa a nesa, tilas ya waiwayi abin da ke kusa. Bugu da ƙari, tsadar mai ita kanta hujja ce ta kwana, domin wanda ya ƙona naira 20,000 don ya isa wuri ba zai so ya juyo bayan sa'a huɗu ba.

Akwai abubuwan da ke sa baƙo ya ƙi yarda dare ya riske shi a waje, kuma ba daidai ba ne a rufe su. Na farko tsoro ne. Jama'a ba su manta da bama-baman da suka tashi a tashoshin mota na Gombe a 2014 ba, ko harin da aka kai masana'antar siminti ta Ashaka a wannan shekara, ko shigar da maharan suka yi ta Dadin Kowa a Fabrairun 2015. An samu sauƙi ƙwarai tun daga lokacin, har ana lissafa Gombe cikin jihohin da suka fi kwanciyar hankali a arewa maso gabas, amma ɗabi'ar komawa gida kafin magariba ta riga ta zauna. Na biyu macizai ne. Ƙasar Kaltungo da kewaye ta yi suna wajen kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe da nisa, shi ya sa ma aka kafa asibitin masu saran maciji a garin, inda aka gwada maganin EchiTAb tare da masana daga Ingila. Manoma ne suka fi shan wahalarta, musamman lokacin shuka da girbi, amma baƙon da ya hau dutse da silifa, ba ɗan jagora, ya sayi rigima da kuɗinsa. Haka nan wanka a gefen madatsa ba ya rasa haɗarin tsargiya. Duk waɗannan dalilai ne na samar da 'yan jagora da aka horar, wato aikin yi ga matasan wurin.

Me ya kamata a gina? Al'adar gwamnatocinmu ita ce idan aka ce yawon buɗe ido, sai a tuna da katafaren otal da bikin yanke ƙyalle. Jihar Kuros Riba ta bi wannan hanya a Obudu, inda ta zuba maƙudan kuɗi har da motar igiya mai hawa tsauni a 2005, daga baya ɗawainiyar kula da wurin ta zame mata nauyi. Jihar da ke dogara da kason wata-wata daga asusun tarayya ba ta da ƙarfin irin wannan caca. Akwai wata hanya mai araha da aka gwada a yankin Kasamans na ƙasar Senegal tun shekarun 1970. Ƙauyuka ne da kansu suka gina ƙananan masaukai da kayan gini na gargajiya, kwamitin gari yana gudanar da su, ribar kuma tana tafiya ga ɗakin shan magani da makaranta da rijiya. A Italiya an yi doka a 1985 wadda ta ba manomi izinin sauke baƙi a gonarsa ya ciyar da su daga amfaninta, a matsayin ƙarin sana'a a kan noma. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kalmar bariki da muke amfani da ita yau ta haɗa har da gidajen saukar da aka gina wa jami'an Turawa a garuruwa domin rangadi, ɗaki biyu ko uku da mai gadi da mai dafa abinci.

Irin wannan ne ya dace da Tula da Dadin Kowa: ɗakuna shida zuwa goma masu tsabta, da gidan sauro, da ban ɗaki mai ruwa, da lantarkin hasken rana, da wurin salla, da farashi rubutacce a jikin allo. Jarin bai fi ƙarfin ƙungiyar ci gaban gari ko ɗan kasuwa matsakaici ba. Abin da ya rage wa hukuma shi ne abin da ɗan kasuwa ba zai yi ba, wato gyaran 'yan kilomitocin da suka haɗa babban titi da wurin, da kafa alamun hanya, da katange wuraren tarihi irin na Mbormi, da kuma hana jami'an haraji su yi wa sabon masauki rubdugu tun bai mayar da kuɗin gininsa ba. Hukumar Bunƙasa Yawon Buɗe Ido ta Ƙasa hankalinta ya fi karkata ga baƙin ƙetare da bukukuwan baje koli. Wannan aiki na jiha ne da ƙananan hukumomi da masu sarauta, domin a hannunsu filaye da amincewar jama'a suke. Idan an sa kuɗin shiga, wajibi ne a fayyace tun farko kason da zai zauna a garin, a kuma ajiye littafin rajista da zai nuna baƙi nawa suka zo, daga ina, kwana nawa suka yi. Banki ba ya ba da rance a kan kyan dutse, amma yana duba irin wannan littafi.

Lokaci ma yana da nasa hukunci a kan ribar mai masauki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hanya a bushe take, an gama girbi, kasuwanni sun cika, ga bukukuwan ƙarshen shekara da ke dawo da 'yan kudancin jihar gida daga Legas da Abuja da Kaduna. Daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40 a birni, sanyin tudu shi kansa haja ne. Damina ce matsala, duk da cewa a lokacin ne tsaunuka suka fi kyan gani, saboda laka da ciyawa da macizai. Mai masauki zai cike wannan giɓi ne da ɗalibai masu rangadin karatu daga jami'o'in jihar da Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa, da kuma ƙananan tarurrukan ma'aikatu. Ko kashi ɗaya cikin goma na bitar da ake yi a otal-otal na Gombe aka mayar Tula ko bakin madatsa, ya isa ya riƙe ɗakuna goma a buɗe daga Yuni har zuwa kaka.